Dada mai ƙosai ta bakin tasha ta rasu, akwai wanda ya san danginta?

Ɗan Autan Hajiya: Salamu alaikum 'yan gida. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Duk wanda ya tashi a Pitowa, nan arewacin Kamaru, ya san Dada mai ƙosai, tsohuwar nan 'yar Cadi da ke zama gindin darbejiya a bakin tasha, to Allah ya yi mata rasuwa. Yau da hantsi aka same ta a ɗakinta. Kwana biyu kaskonta bai hau wuta ba, ni kaina na wuce wurin jiya da shekaranjiya na ga murhu ba toka sabuwa, na ce a raina ƙila sanyi ne ya hana ta fitowa, ban leƙa ba wallahi ban leƙa ba, sai yau wata yarinya da ke ɗebo mata ruwa ta tura ƙofa. Yanzu gawa na nan an rufe ta da zane, mai unguwa ya zo, jandarmomi sun zo sun duba sun tafi. Tambayar da aka yi ta yi ita ce wa ke da ita, kuma duk taron nan ba wanda ya amsa. Don Allah in akwai wanda ya san wani nata ko a Kusiri ta bakin iyakar Cadi ko a cikin Cadi ya yi magana.

Maman Biyu: Allahu akbar. Dada?? Kai duniya. Allah ya jiƙanta ya sa ta huta. Ran Lahadin da ta wuce na gan ta a kasuwa tana tayin wake, tana jan ƙafa, na ce Dada ƙafar ce har yanzu, ta ce lapiya lapiya ɗiyata. Ashe ganin ƙarshe ke nan.

Mai Shagon Tasha: Allah ya gafarta mata. Shekara goma sha bakwai shagona na kallon kaskonta. Ni ne ma zan fi kowa jin kunya don ni nake buɗewa da asuba in tarar ta riga ni, kwana biyun nan na ga wurin wayam amma hidima ta ɗauke min hankali.

Ɗaliba a Gawundare: Wayyo Dada. Mu 'yan lakwal, wato makarantar boko, in ba mu da ko dala sai ta zuba mana a takarda ta ce ku tafi kar malam ya doke ku. Wai don Allah mene ne sunanta na gaskiya? Yanzu na tsaya ina tunani na ga ban sani ba.

Ɗan Autan Hajiya: Abin da ya fi tsaya min a rai ke nan ƙanwata. Mai unguwa ya tambaya don a rubuta a takarda, mutum ya fi talatin a tsaye, kowa sai ya ce Dada, wani ya ce 'yar Cadi. Sama da shekara arba'in tana cikinmu.

Baba Tsohon Direba: Yarana ku dakata ni na san zuwanta, jikana ne ke rubuta min wannan. Matar nan 'yar kudancin Cadi ce, wajen Mundu, Ngambai ce, amma a Injamena yaƙi ya same ta. Ku ba ku san wancan zamani ba. A Fabrairun 1979 aka fara tsakanin sojan Shugaba Malum da mutanen Hisen Habre, mutanen kudu da yawa suka bar birnin tun lokacin, ita ba ta tafi ba. Sai a Maris na 1980 aka sake kamawa tsakanin Habre da Gukuni Wedeye, wannan kam wata tara ana yi har Disamba, sai da sojan Gaddafi suka shigo da tankoki. Lokacin babu gadar Ngeli, da kwalekwale ake ƙetare kogi zuwa Kusiri, wasu da ƙafa inda ruwa ya janye. Ni ina ɗaukar kaya Marwa zuwa Kusiri a shekarar, na ga garin da idona, mutum kamar fara, ko ina tanti da bukkar zana, kana zaune a wannan gaɓa kana jin harbi a waccan gaɓa kamar a bayan ɗakinka. A nan abokina marigayi ya gan ta tana wanke kwanuka wurin wata mai tuwo. Ba ta jin Hausa ba ta jin Fulatanci, sai yarensu da Larabcin Cadi da ɗan Faransanci. Shi ya kawo ta nan ya aure ta, ni na raba goron ɗaurin auren. Ba su haihu ba. Da ya rasu danginsa suka raba abin da ya bari suka watse, ita ta kama ɗaki ta sa kasko.

Maman Biyu: Allah sarki Baba, ashe har aure ta yi a garin nan. Mu dai mun buɗe ido mun gan ta ita kaɗai.

Baba Tsohon Direba: Ta yi ɗiyata. Kuma tana da ɗa tun can, namiji, ɗan lakwal ne lokacin, ranar gudu ya fita da safe bai dawo ba, ta ƙetare tana zaton za ta same shi a Kusiri. Ta yi wata da watanni tana bin tanti tanti. Sau ɗaya tak ta taɓa ba ni labarin nan, ba ta ƙara ba, ni ma ban ƙara tambaya ba.

Ɗan Kasuwar Lahadi: Allah ya jiƙan musulmi. Amma ni fa akwai abin da nake son a duba kafin a yi gaggawa. An ce da aka buɗe akwatinta an ga sakandami na kirista a ciki. In haka ne a ina za a kai ta? Kar a zo a yi abin da addini bai yarda ba saboda tausayi. Mutanen Mundu ai yawanci 'yan coci ne kowa ya sani, a kira mutanen mishan su ɗauki abarsu.

Ɗan Autan Hajiya: Yaya ina wurin aka buɗe, bari in faɗa maka abin da ke ciki tsaf don kar magana ta canza a hanya. Akwatin ƙarfe ne irin na da, shuɗi, duk ya yi tsatsa. A sama akwai farin yadi sabo dal a leda, an naɗe shi da turare da sabulu ɗaya a ciki, wato likkafaninta ta saya da kanta ta ajiye. Ƙarƙashinsa carbi, da hijabi biyu, da kuɗi a ɗaure cikin ƙyalle. Can ƙasa cikin gwangwanin madara akwai ƙaramar gicciye ta katako da zare, da hoton wani yaro baƙi da fari sanye da kakin makaranta, da wani kati da ya sha ruwa rubutun duk ya goge sai hatimi, Baba ya ce irin katin karɓar abinci ne na 'yan gudun hijira. Shi ke nan abin da ta mallaka, sai kasko da turmi da dutsen niƙa.

Uwar Marayu: Kai ɗan kasuwa ka ji tsoron Allah. Abarsu?? Ni maƙwabciyarta ce katanga ɗaya, shekara nawa ina jin ƙarar butarta da asuba. Azumi tare muke yi, ita ke soya ƙosan da ake kaiwa masallacin unguwa na buɗa baki kuma ba ta taɓa karɓar kuɗin man ba. Fatiharta ba ta fita daidai, harshenta ya ƙi, ta kan zo ta ce min ki biya min in ji, in biya ta bi, tana tsufa tana koyo. Lokacin da kake cin ƙosanta bashi ba ka tambayi addininta ba sai yau da ta kwanta.

Ɗan Kasuwar Lahadi: Hajiya ba da wata manufa na faɗa ba, tambaya na yi. Ai gara a tambaya.

Malamin Zaure: Assalamu alaikum. Tambayar ba laifi ba ce, lafazin ne ya yi kaushi. Shari'a da zahiri take hukunci, zuciya ta Allah ce. Mace an ɗaura mata aure da musulmi, maƙwabta sun shaida tana salla tana azumi, ta tanadi likkafani da hannunta, to me ya rage? A yi mata wanka, mata su yi, a sallace ta a kai ta maƙabartarmu. Abin da aka gani a gwangwani ajiya ce, ba a wuyanta aka same shi ba, kuma tare yake da hoton ɗanta, mai hankali ya san abin da wannan ke nufi. Jana'iza farilla ce ta kifaya, in ba wanda ya yi duk garin ne ke da laifi. Kar a kai la'asar ba a rufe ta ba, an ce ta kwana.

Ɗan Injamena: Ina bin maganar nan daga nan Injamena, kakata ma ta zauna Kusiri a 1980, mu kuma mun sake ƙetarewa a Fabrairun 2008 da 'yan tawaye suka shigo gari, ina yaro lokacin, na tuna gadar ta cika har mutane na taka juna. Allah gafarta Malam ya yi gaskiya. A kudu uwa kan rataya wa yaro irin wannan gicciye tun yana ƙarami, ina kyautata zaton ta yaron ce ko ta mahaifiyarta. Wanda ya gudu da kayan jikinsa kaɗai duk abin da ya tsira da shi ba ya yarwa. Kakata har ta rasu tana ajiye da makullin gidan da aka rushe tun tuni. Sannan wani abu, Maman Biyu ta ce tana cewa lapiya lapiya. Wannan ba gurɓatacciyar Hausa ba ce fa, haka ake gaisuwa a Mundu, lapiya. Da yarensu take gaishe ku.

Maman Biyu: Innalillahi. Wallahi muna yara har kwaikwayonta muke muna dariya, mun ɗauka lafiya ce ta kasa faɗa. Yanzu ka sa ni kuka.

Ɗaliba a Gawundare: Ni abin da ban gane ba, ƙafar nan ta fi shekara tana damunta, Garwa ga ta nan kusa kilomita goma sha biyar, me ya hana a kai ta babban asibiti?

Uwar Marayu: Ɗiyata ba a rasa mai kai ta ba, ita ce ba ta yarda. Ciwon suga ne, wani ma'aikacin lafiya ya gwada ta ya faɗa mata, gyambon ƙafar ya ƙi warkewa. Sau uku ina cewa ta shirya in ɗauki mota, sai ta ce a'a akwai shinge a hanya za a tambaye ta kati. Ba ta da katin ɗan ƙasa ba ta da katin zama ba ta da takardar haihuwa, ba na nan ba na can. Shekarun baya an taɓa sauke ta daga mota a wani shinge ta yini a rana da buhun wakenta sai da wani ya biya mata aka sake ta, tun daga ranar ta rantse ba ta ƙara wuce kasuwar Lahadi. Shi ya sa take sayen maganin bakin hanya tana wanke ƙafar da ruwan gishiri. Na ga gyambon da idona ranar da na taya ta ɗaure shi, ta ce kar in gaya wa kowa kar a daina sayen ƙosai.

Ma'aikacin Meri: Wannan ita ce matsalar da muke gani kullum, kuma abin takaici nata yana da hanya tun farko. Dokar zama ɗan ƙasa ta Kamaru ta 1968 ta ba mace baƙuwa da ta auri ɗan ƙasa damar neman zama 'yar ƙasa a lokacin ɗaurin auren, amma auren da aka yi a meri, wato ofishin magajin gari, aka sa hannu aka ba da takarda. Namu na goro da sadaki a zaure Allah ya san da shi, gwamnati ba ta san da shi ba. Da mijin ya rasu sai ta zama a idon hukuma kamar jiya ta shigo. Katin zama kuma da kuɗi ake yinsa kuma sai da takardar ƙasarka ta asali, mai ƙosan dala biyar ina za ta samo? Ko yawo ba biza da ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin tsakiyar Afirka da Kamaru da Cadi ke ciki, suka amince da shi a 2017, mai fasfo ko kati yake amfana, wanda ba shi da komai yana nan inda yake. Kuma ba baƙi kaɗai ba, yaranmu nawa ne ke kaiwa ajin ƙarshe na firamare a hana su jarrabawa don ba takardar haihuwa, sai an bi ta kotu.

Sarkin Samari: Ni dai ina ganin ana neman ɗora wa gari laifin da ba nasa ba. Garin nan ya riƙe ta, mai gidan da take ciki ya fi shekara goma bai karɓi kuɗin haya ba, ba wanda ya taɓa korarta. Kuma gaskiya yaƙin ya ƙare tun yaushe, Habre ya faɗi tun 1990, har an yi masa shari'a a Dakar ya mutu, dubbai sun koma gida, me ya hana ta komawa cikin danginta? Kowa ya bar gida gida ya bar shi. Mu ma fa muna da namu tsofaffin da ba mu gama da su ba.

Baba Tsohon Direba: Yaro kakanka daga ina ya zo? Ka je ka tambaya a gidanku. Duk Bahaushen da ke ƙasar nan wani ne ya ɗauko shi a baya ko a kan jaki daga Kano ko Katsina ko Zazzau, fatauci ya kawo kakanninmu ƙasar lamiɓe, sarakunan Fulani, aka ba su wuri suka zauna, yau ga mu muna kiran wata baƙuwa. Ta koma wurin wa? A 1984 abin da aka yi a kudancin Cadi har suna gare shi, baƙin Satumba, ƙauyuka aka ƙone. Ta aika saƙo ta hannun direbobi ya fi a ƙirga ba amsa. Kabarin mijinta na nan. Ni na ga korar baƙi ta Shagari a 1983, na ɗauko mutane daga iyaka waɗanda aka ce su koma gida alhali ba su san kowa a gidan ba, suna kuka a bayan motata. Kar Allah ya nuna maka.

Sarkin Samari: Allah ya huci zuciyarka Baba, na ji. Amma maganar haya gaskiya ce a yaba wa mai gidan.

Uwar Marayu: An yaba masa Allah ya saka masa. Amma ba a ce ba a ba ta ba, an ba ta ɗaki an ba ta tuwon salla, abin da ba a ba ta ba shi ne a zauna da ita. Biki nawa ta yi wa wanke wanke a unguwar nan, suna nawa ta soya wa waina tun dare, a bayan gida take ƙarewa wurin murhu, ba a taɓa cewa Dada shigo ɗaki ki zauna cikin mata ba, ankon ma ba a kai mata. Adashinmu na unguwa sai da na yi faɗa aka sa ta wai baƙuwa ce za ta iya gudu da kwasa, matar da ko Garwa ba ta iya zuwa. Ni ma ina ciki ban cire kaina ba, katanga ɗaya amma ta kwana biyu ban sani ba don na tafi biki Gidar.

Ɗan Autan Hajiya: 'Yan uwa an dawo daga maƙabarta. Alhamdulillahi Hajiya da mata biyu suka yi wanka, da likkafaninta aka rufe ta, ya isa har ya yi saura. Ban zaci za a taru haka ba, sahu bakwai na ƙirga, 'yan tasha sun rufe lodi, masu babur sun ajiye, Ɗan Kasuwar Lahadi ma shi ya kama makara ta gaba kuma shi ya shiga kabari ya karɓe ta, in faɗi wannan don a sani. An samu wuri kusa da mijinta, Baba ne ya nuna. Akwai mata uku 'yan coci, mutanen Cadi da ke aikin gona a nan kusa, sun zo sun tsaya daga nesa har aka gama, ɗayarsu ta ce Dada kan ba su ƙosai su yi hira da yare in ba kowa a wurin. Amma su ma ba su san ƙauyensu ba.

Wani abu kuma da na gani a ɗakin. Bayan ƙofa bangon duk zane ne da gawayi, layi layi a tsaye rukuni rukuni, kowane rukuni da alamarsa, wani an zana mota, wani hula, wani kamar almakashi. Yarinyar da ke mata ruwa ta ce lissafin masu bashi ne, ba ta iya rubutu ba sai ta ba kowa alama. Na tsaya ina dubawa na ga wani da alamar keke, ni ne mai keke a layin nan shekarun baya, layi goma sha ɗaya. Ba ta taɓa tambayata ba.

Mai Shagon Tasha: Almakashin nan telan kusa da ni ne, na nuna masa hoton bangon ya zauna ya yi shiru. To ni shawarata duk wanda ya san yana bangon nan ko yana zargin yana ciki ya kawo, a haɗa a wurina ko a turo ta Orange Money in rubuta sunan kowa a littafi. A yi mata sadakar uku da shi.

Malamin Zaure: Madalla amma a bambance. Bashin da ake bin mutane dukiyarta ce, a haɗa shi da kuɗin ƙyallen. A fara tambaya ko ana bin ta, mai wake da mai mai da mai itace, a biya su tukuna. Abin da ya rage amana ne a hannun mai unguwa da shaidu biyu har a nemi dangi iyakar iko. Sadakar uku kuwa mu yi daga aljihunmu, ba ta gagare mu ba.

Maman Biyu: Gero tiya biyu daga wurina na gumba. Kuma kaskon don Allah kar a sayar, a ba yarinyar nan mai ɗebo ruwa, ta iya suyar, Dada ce ta koya mata.

Direban Lere: Sai yanzu na samu netwok na karanta duka. Allah ya jiƙan Dada, ni ma na san ina cikin masu alamar mota. Jibi in Allah ya yarda ina da lodi, ta Figil zan bi in shiga Lere, Pala, Kelo har Mundu. A ɗaukar min hoton yaron da na katin a waya, asalin ya zauna wurin mai unguwa kar ya ɓace a hanya. Akwai gidajen rediyo a can da ke karanta sanarwar cigiya da ta rasuwa da Ngambai, zan biya a karanta, in kuma kai wa limamin unguwar Hausawa da mutanen coci su sanar ran Lahadi. Sai dai da wane suna za a yi cigiyar?

Baba Tsohon Direba: Akwai sunan da mijinta ke kiranta da shi in suna cikin gida, ba na musulunci da aka sa mata ranar aure ba, na yarensu. Tun safe nake juya shi a bakina kar in faɗa ba daidai ba, ɗazu a maƙabarta ya dawo min. Ba zan sa a rubuta a nan ba. Ka biyo ta gida gobe bayan azahar in faɗa maka da baki, ka zo da ɗaya daga matan nan 'yan Cadi ta ji ko na faɗa daidai, har sunan yaron ina jin na tuna farkonsa.

Direban Lere: To Baba, ina nan tafe bayan azahar. Ɗan Auta ka turo min hotunan yau da dare, ka ɗauka da haske sosai fuskar yaron ta fito.